Ranar da Aka Zaunar da Ni a Bankok

Shekara goma sha tara ina tuƙa wa mazan Ƙofar Mata tuwon dare, ba a taɓa samun wanda ya ce mini in zauna ba. Ba tausayi nake nema ba, yadda abin yake na faɗa. A tsaye nake tuƙi, a tsaye nake kwasa, nawa ma in na samu a tsaye nake ci, a bayan ƙyaure, na ba titi baya. Da ciniki ya mutu kuma, abin da babban ɗana ya ga ya dace ya gaya mini shi ne, "Umma, ki rufe shagon nan ki huta." Wato zaman da ba a ba ni ba ina da amfani, yanzu za a ba ni shi tunda amfanin ya ƙare.

Ga waɗanda ba su san ni ba, shagon rabin zauren gidanmu ne, marigayi maigidana ya fasa masa ƙofa ta titi. Cinikina daga magariba yake farawa: 'yan acaɓa, masu rini in sun tashi daga marina, 'yan dako, direbobi. Da bama-bamai suka fara tashi a garin nan aka sa dokar hana fita, daga baya aka hana acaɓa gaba ɗaya. An sassauta dokar, amma mutane sun riga sun koyi shiga gida da wuri, kuma ban ga laifinsu ba. Tukunyar da nake tuƙa kwano shida a cikinta ta koma kwano ɗaya, shi ɗin ma sai ya kwana. Ɗana ya samo wani mai cajin waya da yake son wurin. Na ce masa ina da tafiya, ya bari in je in dawo, sannan in ba shi amsa. Da wannan maganar a ƙirjina na bar Kano.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Yayata ce. Ta daɗe tana saro 'yan kunne da sarƙoƙi daga Bankok ta ƙasar Tailan, amma yanzu gwiwa ta hana ta sakat, ga ciwon suga, kuma ba ta yi boko ba. Ni na yi, ko da yake sai da na haura arba'in na shiga ajin manya, ina zama benci ɗaya da sa'annin 'yata. Na iya cika fom, na iya karanta lambar ƙofa, ina tsintar Turanci in an yi shi a hankali. Shi ya sa ta biya mini jirgi. Na gaya mata a gaban kowa cewa ba ni ta ɗauka ba, birona ta ɗauka. Ta ce da biron yana tafiya da ƙafarsa ai da shi kaɗai za ta tafi, ya fi ni sauƙin baki.

Ana sallame sallar asuba muka fito, don a Abuja za mu hau jirgi. Direba ya ƙi shigowa lungu, ya ce mu same shi a Ƙofar Nassarawa, haka muka ja akwatuna gari bai gama wayewa ba. Mu huɗu ne ban da shi: ni, da Yaya, da wata Hajiya mai sayar da takalma daga Ƙofar Dawanau, sai jagoranmu, wani Alhaji da ya saba kai mata 'yan kasuwa can. A cikinmu ni kaɗai ce ban je Makka ba. Jagora ya rasa yadda zai kira ni, da ya hango biro a jakata sai ya tsayar da Malama. Na karɓa.

Shingen sojoji na fara ƙirgawa tun fitarmu gari, da na kai sha ɗaya na bari. Duk iri ɗaya ne: buhunan yashi, ganguna, katako mai ƙusoshi a kwance a titi, da soja idonsa ja saboda rashin barci. A sauke gilashi, a kashe rediyo, kada a kuskura a taɓa waya. A wani shinge kafin Zariya wayar Hajiya mai takalma ta ɗauki ruri a cikin jaka, kiɗan biki ne ma ta sa mata. Ba wanda ya motsa. Ta ƙare, ta sake farawa. Sojan ya leƙo ya ce, "Mama, mai neman nan naki ba ya gajiya?" Ya ɗaga mana hannu mu wuce. Sai da muka yi nisa dariya ta zo mana, Hajiya kuwa tana ta zagin ƙanin mijinta da ya kira.

A Tafa aka tsaya cin abinci. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa. Jagora da direba suka sauka, suka shiga rumfa, suka zauna a benci, aka kawo musu sakwara da ruwan wanke hannu. Mu mata uku muka zauna a mota cikin zafi, aka miƙo mana shinkafa a leda, muka ja mayafi muna ci kamar masu sata. Ba wanda ya hana mu sauka. Ko tunanin sauka ba mu yi ba. Haka muka taso muka gani, mace ba ta zama a rumfa tana tauna a gaban maza. Shinkafar kuma ta caɓe, naman kamar igiya.

A filin jirgin Abuja birona ya fara aikinsa. Fom uku na cika, nawa da na Yaya da na Hajiya, wadda ta ce ta manto tabaraunta a gida. Daga baya na gane ba ta da tabarau. Jirgi ya sauke mu a Habasha, muka sha sanyi na ɗan lokaci, muka hau wani. Wannan na biyun ya daɗe a sama har tsoro ya sake ni gajiya ta kama ni. Abincinsu a ɗan tire yake zuwa, komai a rufe, komai ba gishiri. Na ci don dole.

Da hantsi muka shiga Bankok. Zafinta ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu tururi ne, kamar ki buɗe murfin tukunyar dambu ki sa fuska. Titi a kan titi, a saman na biyun kuma jirgin ƙasa yana wucewa ta kan mutane. Suna da a-daidaita-sahu, sai dai nasu ya fi namu tsawo da rashin kunya a gudu. Abin da ya tsaya mini a rai 'yan acaɓa ne. Ga su nan a bakin kowane lungu, sun sa riguna ruwan lemo masu lamba, kowa yana jiran layinsa. Na tsaya ina kallonsu har Yaya ta ja ni. Mutanena na gani, waɗanda aka kore mini.

Ashe su ma suna da nasu rikicin. Masu zanga-zanga sun tare wasu manyan tituna, a wata mahaɗa kuma muka ci karo da sojoji a bayan buhunan yashi. Hajiya ta ce, "Innalillahi, biyo mu suka yi?" Bambancin kawai, an jera tukwanen fure a kan buhunan. Yaya ta ce in ta koma za ta kai wa namu shawara.

Kwana ukun farko kasuwa ce kawai. Yaya ta zaɓa, mai shago ya danna kuɗi a kalkuleta, in karanta mata, ta girgiza kai, ya sake dannawa. Ba ma jin yarensu, ba sa jin namu, amma ciniki bai taɓa tsayawa ba. Kuɗinsu bat ake ce masa, ɗaya kamar naira biyar a canjin da muka yi.

Abinci kuwa jagora doka ya kafa mana. Wuri ɗaya za mu ci, gidan abincin wasu Larabawa kusa da masaukinmu. Ya ce ko'ina alade ne, ko ruwa kada mu sha a waje. A can ɗin ma sama ake hawa da mu, wani ɗaki mai labule, a rufe mu. Shinkafa da rago, bat ɗari uku kowane mutum, rana da yamma abu ɗaya. Ba laifi, amma ni ban keta duniya don in ci abin da zan samu a Fagge ba. Duk inda muka bi kuma ƙamshi yana bin mu: tafarnuwa, citta, lemon tsami, da wani ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya. Hancina yana gaya mini akwai masu girki a garin nan, ana hana ni ganinsu.

Rana ta huɗu jagora ya ajiye mu a kasuwar takalma, nesa da masauki, ya tafi wajen masu aika kaya. Ya ce kafin azahar zai dawo. Azahar ta yi, ba shi, wayarsa kuma ba ta shiga. Yaya ta sha maganin sugarta tun safe, kuma duk wadda ta zauna da mai wannan ciwo ta san abin da yunwa take yi masa. Na ga gumi ya keto mata, hannunta yana rawa a kan jaka, maganarta ta fara ja. Na ba ta alawa biyu da ke jakata, na san ba za su riƙe ta ba. Hajiya ta ce mu ƙara jira. Na ce, "Ke ki jira. Ni ba zan mayar da gawa Kano don ina tsoron Alhaji ba."

Ɗazu na ji kiran salla daga bayan kasuwa, to inda ake kiran salla ba za a rasa mai dafa halas ba. Sai ga wasu mata uku da hijabi da kayan ma'aikatan asibiti sun wuce da sauri. Na san tafiyar mai jin yunwa. Na kama hannun Yaya muka bi su, Hajiya ta biyo mu tana ƙunƙuni. Muka haye wata siririyar gada a kan rafi mai baƙin ruwa, muka shiga unguwa mai lunguna kamar namu na cikin gari, gida manne da gida, shanya a sama, kyanwa ko'ina. A kwanar masallaci matan suka shige wani wuri. Akwai koren allo a saman ƙofar, da rubutunsu mai kama da ƙugiyoyi, amma a gefe an rubuta halal da Larabci, ga wata da tauraro. Na karanta sau biyu, na nuna wa Hajiya, wannan kam ta karanta ba tabarau. Muka shiga.

Wurin bai fi shagona biyu ba. Tebur takwas, kujerun roba, fanka uku a bango suna juya kai. Amma cike yake maƙil, wasu a tsaye a bakin ƙofa suna jira. Ma'aikatan asibiti, 'yan ofis, 'yan acaɓa da rigunansu, ɗan sanda ɗaya, tsofaffi biyu da suka fito daga masallaci. Mata sun kai rabi. Na ga mace ita kaɗai, tebur ɗaya da namijin da ba ta sani ba, kowa kansa a kan abincinsa. Wanda ya gama ya tashi, wani ya maye.

A bango hoto uku ne, an sa musu lamba ɗaya, biyu, uku, a ƙarƙashin kowanne an rubuta hamsin. Shi ke nan. Ba "na nawa za a zuba", ba "ƙaro miya", ba "wannan naman ya yi ƙanƙanta". Ki ɗaga yatsa, a kawo. Wani mutum ya ga halin da Yaya take ciki ya tashi da tirensa ya ba ta kujera, na kusa da shi ma ya tashi. Mai rabon abincin 'yar mai wurin ce, za ta yi shekara talatin. Na nuna mata da yatsu: lamba ɗaya guda biyu, lamba biyu guda ɗaya. Kafin Yaya ta gama gyara zama abinci ya sauka.

Tiren ƙarfe ne mai gida-gida. Lamba ɗaya shinkafa ce rawaya da ta sha kurkur, an dafa ta a romon kaza, cinya ɗaya a kai, an barbaɗa soyayyiyar albasa. Gefe yankakken kokwamba da wani koren yaji mai ruwa. Lamba biyu farar shinkafa ce da koriyar miya ta madarar kwakwa, da naman sa, da 'yan ƙananan gauta, da soyayyen ƙwai. Kowane tire da kofin shayi mai ƙanƙara, da ɗan kwanon romo fari tas, har gindin kwanon ake gani. Hajiya ce ta ɗauki lamba biyu. Tana ganin farin romon nan ta yi bisimilla ta tsoma yatsu za ta wanke hannu. Tafasasshe ne. Ihun da ta yi sai da ɗan sandan ya ɗago. Ta ce, "Waɗannan wane irin mutane ne, da suke dafa ruwan wanke hannu?" 'Yar mai wurin ta toshe baki, ta kawo mata wani, ta nuna mata cokali.

Yaya ta yi loma biyar, ta sha shayin, na ga jini ya dawo fuskarta. Sai a lokacin na tuna da nawa.

Ga abin da na yi, ba zan ɓoye ba. Kujera ta samu a teburinsu, amma ban zauna ba. Na ɗauki tirena na koma jikin ginshiƙi, na fuskanci bango, na ja mayafi. Ban kai loma baki ba mutum huɗu suka tashi daga teburin da ke kusa, suka bar tire a warwatse, ga masu jira a ƙofa. Wallahi ban san lokacin da na ajiye nawa ba. Hannuna ne ya tattara, ya haɗa cokula, ya ɗauko tsumma ya goge teburin, ƙafata ta kai kayan baya wajen wanke-wanke. Na dawo, wani tebur ya tashi, na sake. Yaya tana cewa, "Ke! Ke! A nan ma?" Ina jin ta kamar daga nesa.

A zuwa na uku aka riƙe mini hannu. Mai wurin ce, wata 'yar tsohuwa da farin hijabi, ba ta kai kafaɗata ba, ita ce a kan tukunyar shinkafa tun shigowarmu. Ta karɓe tiren ta ajiye. Ta juya tafin hannuna ta duba, ta shafa kantar muciya, ta bi tabon ƙunar da ke saman tsintsiyar hannuna da yatsa. Sannan ta ja hannun rigarta ta nuna mini nata. Wuri ɗaya, daidai inda bakin tukunya yake kama mutum in ya miƙa hannu. Ba ta sake ni ba. Ta ja ni har tsakiyar wurin, ta danna kafaɗata na zauna a kujerar da take kallon titi. Ta ɗauko tirena, ta zubar da romon da ya huce ta zubo mai zafi, ta ajiye a gabana, ta danƙa mini cokali. Ta faɗi wata magana, 'yarta ta juya mini da Turanci a hankali: "Mama ta ce yau ba ranar aikinki ba ce." Tsohuwar ta riƙe ƙugu ta tsaya a kaina. Ta bar tukunyarta, ta bar masu jira.

To, ya zan yi? Na ci.

Shinkafar wara-wara, kowace ƙwaya ta sha romo. Kazar da kanta take barin ƙashi. Koren yajin nan shi ya ba ni mamaki: zaƙi ne yake fara zuwa, sai tsami, sai can barkono ya biyo baya ya kama maƙogwaro, kuma akwai na'a-na'a a ciki. In yaji ya yi yawa ki kurɓi romo, in maiƙo ya yi yawa ki ɗauki kokwamba. Wadda ta haɗa tiren nan ta yi tunanin bakin mai ci tun daga lomar farko har ta ƙarshe. Shayin ya cika siga, nan kam sun yi ɓarna, ko da yake ranar shi ya ceci Yaya. Na ɗanɗana miyar Hajiya, da daɗinta, amma akwai wani ruwan kifi da suke sawa, warinsa ya fi na daddawa iya shege.

Ina ci ina jiran ido. Sau uku na ɗago. Ba mai kallona. Ɗan acaɓan da ke gabana ya turo mini kwalbar barkono ko dubana bai yi ba. Shekarata hamsin da ɗaya, ranar na fara zama a cikin jama'a aka kawo mini abinci na ci fuskata a buɗe. Yaya ta ce, "To Malama, an naɗa ki, sai a raba mana goro." Na ci gaba da cin abincina.

Ƙarfe biyu tukwane suka ƙare, aka sauke ƙofa rabi. Na roƙi 'yar ta bar ni in leƙa madafa. Tukunya uku ce kacal. Ta nuna mini a agogo: da asuba suke ɗorawa, sha ɗaya komai ya nuna, an jera tire an zuba kokwamba da yaji tun kafin mutum na farko ya shigo. Na tambaye ta, da yamma fa? Ta yi dariya ta ce da yamma Mama talabijin take kallo. Da muka fito na tarar tsohuwar ta zauna a teburin da na goge, 'yarta ta je ta kawo mata lamba ɗaya da ta ajiye mata tun ɗazu.

Ina nan tsaye a wurin, sai babban asibitin da ke kusa da gidanmu a Kano ya faɗo mini a rai. Tun da aka hana acaɓa, mata masu jinya da nas-nas da malaman makarantar mata ba sa iya komawa gida da rana. Kullum da azahar suna wucewa ta ƙofar shagona, shagon a rufe, wata tana tauna gyaɗa a ƙarƙashin mayafi. Ni kuma ina ciki ina jiran magariba, da mazan da ba za su zo ba.

Muka koma kasuwa muka tarar da jagora yana ta zagaye, gumi ya jiƙa masa riga. "Malama, wannan wane irin ganganci ne? Da kun ɓata wa zai yi wa iyalanku bayani? Me ma kuka ci?"

Na ce, "Halas muka ci, Alhaji, da idona na karanta. Kuma kai ne ka ɓata, mu ga mu."

Hajiya ta ce, "Bat hamsin, Alhaji. Har da shayi." Ta tsaya tana kallonsa, shi kuma ya shiga duba wayarsa.

Sauran kwana ukun can muka riƙa ci. Ranar ƙarshe ya biyo mu, wai don ya tabbatar. Ya tabbatar da lamba ɗaya, ya kuma tabbatar da lamba uku, taliya ce a romo. Ni kuma da guzurin da ya rage mini na sayi tire mai gida-gida guda goma sha biyu. Yaya ta ce mata suna zuwa Bankok su koma da zinariya, ƙanwarta za ta koma da kwanon gidan yari. Na yi wa tsohuwar sallama, na ba ta ƙullin yajin daddawa da na taho da shi. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta sa a aljihu.

Dawowa hanyar nan ce dai, Habasha, Abuja, mota. A wani shinge bayan Kaduna soja ya sa aka buɗe but ɗin mota, ya bugi jakata da bakin bindiga, ta yi ƙarar ƙarfe. Nan take ya ja da baya, abokansa suka miƙe, aka ce kowa ya fito hannu a sama. Na ce, "Ɗana, kwanuka ne." Ya ce in buɗe da kaina. Na buɗe a hankali. Ya ɗaga tire ɗaya ya jujjuya shi. Ya ce, "Mama, ai irin na barikinmu ne." Yaya ta ce ita dai ta faɗa.

Mun shigo Kano ana shirin magariba, titi ya fara yin fayau, masu shaguna suna jan ƙofa. Ƙofar Mata tana nan yadda na bar ta, da warin baban rini daga marina. Na tarar ɗana ya riga ya zana wa bangon shagon alli, inda za a kafa soket-soket. Bayan an gaisa an ci abinci ya ce, "Umma, maganar nan fa?" Na ce sai da safe.

Masu tambayata me na gano a Tailan, ba girki na koyo ba. Miyar kwakwa ba za ta sayu a Ƙofar Mata ba, ba ni ma da niyyar gwadawa. Abin da na gano shi ne, yunwar da nake zaman jira da dare ta koma rana tsaka, kuma rabinta da mayafi take yawo. Na kuma gano wani abu da bai yi mini daɗi ba. Na ce muku ba wanda ya taɓa zaunar da ni. Gaskiya ne. To ni wa na zaunar? Shekara goma sha tara benci biyu ne a shagona, duka na maza. Macen da ta zo, a leda nake ƙulla mata ta ƙofar gefe, in ce ta yi sauri.

Washegari ƙarfe bakwai na hura wuta, wadda ban taɓa hurawa kafin la'asar ba. Na aiki matar ɗana kasuwa. Na ɗora tukunya biyu, ɗaya shinkafa da wake, ɗaya dafa-duka, da romon ƙashi a gefe. Na goge zanen da ɗana ya yi a bango, da allin nasa na rubuta lamba ɗaya da lamba biyu, kuɗi ɗaya a ƙarƙashinsu. Na fitar da benci ɗaya waje don maza. Ɗayan na bar shi a ciki, na jawo teburin ɗakina, na rataya labule na zuge shi rabi. Kano ce, na san inda nake.

Ɗana ya fito ya tsaya yana kallo. "Umma, wa zai ci tuwo da rana tsaka?"

"Ka ga tuwo a nan? Je ka gaya wa mai cajin ya nemi wani wuri."

Da aka kira azahar na yi salla, na ɗaura zanen fita, na zauna a bencin ciki daidai inda labulen ya buɗe, fuskata tana kallon titi. Na ce wa matar ɗana, "Zubo lamba ɗaya ki kawo mini." Ta tsaya ta zuba mini ido. Na ce, "Ba ki ji ba ne?" Ta kawo. Ina loma ta uku wata mata ta zo wucewa daga wajen asibiti, kular da ba komai a hannu ɗaya, ledar magani a ɗayan. Ta rage tafiya, ta dubi tiren, ta dube ni.

Na matsa gefe, na buga bencin da tafin hannu. Na ce, "Baiwar Allah, shigo ki zauna."